Laftop ta aikin ofis: in ɗau i7 mai RAM 8 ko i5 mai RAM 16?

Mai_Lissafi:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min da shawara kar in je in yi zaɓen tumun dare. Ina aiki ne a wani ƙaramin ofis ɓangaren lissafi, kwamfutar da nake amfani da ita ta gaji sosai, sai in kunna ta in je in dawo bata gama buɗewa ba. To yanzu oga ya amince a sayo min laftop, mai kawo mana kayan ofis ya turo guda uku yace in zaɓa, ni kuma gaskiya iyakacin sanina in kunna in yi aikina in kashe.

Ta farko HP ProBook ce inci 15.6, Core i7, RAM 8GB, SSD 512GB, sabuwa dal a kwali. Ta biyu Lenovo ThinkPad inci 14, Core i5, RAM 16GB, SSD 512GB, itama sabuwa, kuɗinsu kusan ɗaya ne da ta farkon. Ta uku kuma Dell Latitude 7480 ce ta hannu, itama i7, RAM 16GB, yace tsaf take kamar ba a taɓa aiki da ita ba kuma ta fi sauran sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, har naga oga ya fara karkata can.

Aikina dai Excel ne tun safe har tashi, wasu fayil ɗin manya ne masu layi dubbai da fomula birjik, sai Word da Outlook, sai Chrome wanda shafukan da nake bari a buɗe basu da iyaka saboda banki da haraji da imel duk a nan suke, sannan mitin a Zoom ko Teams. Bana gem, bana haɗa bidiyo. Ƙarshen wata nakan tafi da aiki gida don haka zan riƙa ɗaukarta a jaka. Ina so ta yi min shekaru ba tare da na koma gaban oga da ƙorafi ba.

Kowa a ofis cewa yake in ɗau i7 wai ai bakwai ta fi biyar. Haka ne? In haka ne wacce i7 ɗin, sabuwar ko ta hannun? Nagode.

Mai_Gyara:

Wa alaikumus salam Malama. Gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma maganar nan ta bakwai ta fi biyar babu abin da ya kai ta cutar masu saye. i5 ko i7 rabin suna ne kawai, sai kin ga lambar da ke biye da shi kafin ki san me kike saye. Ɗauki i7-7600U da i5-8350U. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ke nuna zubi, wato janareshan, ta farkon zubi na 7 ce ta biyun zubi na 8. Waccan i7 ɗin ƙwayar aiki 2 kacal ke cikinta, ita kuwa i5 ɗin 4 gare ta, don daga zubi na 8 ne a 2017 Intel suka ninka ƙwayoyin a furosesoshin laftop masu harafin U. Kinga anan biyar ta kada bakwai kenan, kuma ba da kaɗan ba in ana buɗe abubuwa da yawa lokaci ɗaya irin yadda kika ce kina yi.

Saboda haka Latitude 7480 ɗin nan ki cire ta a lissafi tun yanzu. Ba wai bata da kyau bane, a zamaninta babbar kwamfutar manyan ma'aikata ce, jikinta ma na da ƙwari, amma fitowar 2017 ce kuma furosesarta zubi na 7 ce, wasu ma na 6. Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 yake farawa in ban da wasu 'yan tsiraru, kuma yana buƙatar TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin injin. Shi kuwa Windows 10, ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta sa a matsayin ƙarshen bashi gyaran tsaro na kyauta. Eh akwai dabarar da muke yi mu cusa Windows 11 a tsofaffin injina, yana hawa kuma yana aiki, amma Microsoft ɗin da kanta tace bata ɗau alkawarin ci gaba da turo wa irinsu ofdet ba. Wanda zai kalli fim a gida ba matsala, amma kwamfutar da ake shiga asusun bankin ofis da ita ni dai bazan ce ki yi wannan kasadar ba. Ki gaya wa oga haka kai tsaye, arahar ce zata dawo ta zama tsada.

Saura biyu. Ban ga cikakkiyar lambar furosesarsu ba, dan Allah ki sa ya turo miki, amma ko ban gani ba hankalina yafi kwanciya da mai RAM 16. Dalili, irin aikinki ba furosesa yake ci ba, RAM yake ci, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe abubuwan da kika buɗe a ciki. Windows 11 shi kaɗai daga kunnawa ya kwashe kaso mai yawa na 8GB, ki ɗora Outlook, ki ɗora Teams wanda shi dama ba ya ƙoshi, ga Chrome kowane shafi da nasa rabon, kafin ki buɗe babban fayil ɗin Excel wurin ya cika. Da ya cika sai Windows ya fara kwashe wasu abubuwan yana ajiyewa a SSD yana ɗaukowa, SSD kuma duk saurinsa bai kama ƙafar RAM ba, nan ne zaki ga kin danna abu ya ɗan tsaya tukuna, ko kina mitin kina nuna sikirin murya ta fara yankewa. A wannan lokacin furosesar tana zaune ne tana jira, ko i9 ce babu abin da zata iya.

In kina so ki gani da idonki, a tsohuwar taki ki buɗe duk abin da kika saba buɗewa, ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito, ki shiga Performance ki duba Memory wato RAM da CPU wato furosesa. Zaki ga wanne ne ya kusa cika. In kuma kika ga Disk ne a 100 to tsohon hadis (hard disk) mai juyawa ne a ciki, shi ne ma yake sa ta daɗe wajen tashi, kuma duk ukun nan sun raba ki da wannan tunda SSD gare su.

Dan_Gwanjo:

Slm. Oga Mai_Gyara na yarda dakai akan 7480 din amma kar asa baiwar Allah ta dauka duk kwamfutar hannu matsala ce, ba haka bane wlh. Ni duk laftop din da nayi aiki da ita ta hannu ce kuma bana nadama. Abinda mutane basu gane ba kowane kamfani yanada aji aji, a Lenovo akwai E da L da T sannan X1 a sama, a HP ProBook ce kasa EliteBook a sama, Dell kuma Latitude 3000 da 5000 da 7000 kafin su canza suna zuwa Dell Pro a 2025. Manyan kamfanoni suna sayen na saman suyi aiki dasu shekara 3 ko 4 garanti na karewa su fitar dasu gaba daya, to irinsu ne muke samu, kuma sau da yawa na sama da ya dan sha jiki yafi sabon na kasa ingancin jiki da kibod da sikirin.

Don haka inda nine zance wa mai kawo kayan ya nemo ta hannu amma zubi na 11 zuwa sama, irin ThinkPad T14 Gen 2 ko Latitude 5420 ko EliteBook 840 G8, duk suna hawa Windows 11 lafiya lau ba dabara. Sai dai dole a duba abubuwa kafin a biya. Na daya a shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ya tashi, a tabbatar babu kalmar sirri akai, in akwai kuma mai sayarwa yace wai ba komai ai tana aiki, a ajiye masa kayansa, musamman ThinkPad cire wannan ba karamin aiki bane wani lokacin sai an taba madabod. Na biyu a sake mata Windows daga farko a hada da intanet a gani, saboda wasu har yanzu suna rajiste da sunan kamfanin da ya fitar dasu, kina gama saitawa zata nuno sunan wani kamfani tace sai kin shiga da imel dinsu, shikenan kin sayi wahala. Na uku batir, a bude Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport zai fitar da takarda, a duba Design Capacity da Full Charge Capacity, na farko abinda batirin yake dauka yana sabo na biyu abinda yake dauka yanzu, in ya sauko kusan rabi to kisan sabon batir na jiranki. Sai a bude ta a rufe a ji hinji, a danna kowane maballi, a sa farin shafi a duba sikirin ko akwai tabo. Dell ma akwai Service Tag a kasanta kisa a shafinsu zai gaya miki ranar da aka fitar da ita da kayan da tazo dasu na asali, babu wanda zai miki karya.

Amma fa tunda kudin ofis ne ba naki ba, kuma kince bakison komawa gaban oga, ban hanaki sabuwa ba. Nidai na kare mutuncin yan gwanjo ne lol.

Anti_Sakatariya:

'Yar uwa sannu da ƙoƙari. Maza sun yi ta maganar abin da ke cikin injin, ni bari in yi miki maganar abin da idonki da yatsunki zasu sha kullum, don na daɗe ina buga takardu kuma a nan ne ake jin jiki.

Ki tambayi sikirin. Har yanzu ana sayar da sabbin laftop na ofis masu sikirin 1366x768, a takarda zaki ga an rubuta HD kawai sai ki ɗauka abin kirki ne. Ba shi bane. Wanda kike so shi ne FHD wato 1920x1080, ko 1920x1200 in an samu, wannan na biyun ya fi tsayi kaɗan don haka layukan Excel sun fi fitowa da yawa ba sai kina ta gangarawa ba. Mai 768 ɗin nan in kika buɗe fayil mai ginshiƙai da yawa rabinsu ma bazaki gani ba. Sannan ki ga an rubuta IPS, in TN ne da kin ɗan kauce ko kin kwantar da murfin kala ta wanke, wanda ya tsaya a gefenki yana duba lissafi ba abin da zai gani. Haske kuma da nits ake auna shi, 250 shi ne na ƙasa, yana yi a cikin ɗaki amma in teburinki na kusa da taga zaki riƙa matse ido, 300 zuwa sama ya fi. Kuma ki zaɓi marar ƙyalli, mai ƙyallin nan fitilar silin da fuskarki kawai zai riƙa nuna miki.

Sai maganar da banga kowa ya taɓo ba, kuma ke ma'aikaciyar lissafi ce: maɓallan lamba na gefen dama. Inci 15.6 yawanci tana da su, inci 14 bata da su sam. In hannunki ya saba da shigar da lambobi ta gefe, ranar farko da inci 14 sai kin ji kamar ki yi kuka, layin saman nan ba ya sauri. Wannan kaɗai zai iya sa mutum ya zaɓi ProBook ɗin kuma bazan ga laifinsa ba. Amma akwai mafita, ana sayar da ɗan kibod na lamba zalla mai USB, ko ki sa cikakken kibod da linzami a tebur ki bar su a ofis. Ni haka nake yi, kuma ya fi min ma, saboda a inci 15.6 maɓallan lambar suna tura kibod ɗin gaba ɗaya zuwa hagu sai ki ga kina zaune a karkace.

Nauyi kuma, inci 14 tana kai wajen kilo ɗaya da rabi, babbar ta ɗan ɗara, a takarda bambancin kamar ba komai amma ki haɗa da caja da fayil a jaka ɗaya kafaɗa zata gaya miki. Kibod ɗin ThinkPad dai an san shi da daɗin bugu tun suna hannun IBM kafin Lenovo su saye ɓangaren a 2005. Abu ɗaya da zai ba ki haushi, a yawancinsu maɓallin Fn ne a ƙarshen kusurwar hagu inda kika saba samun Ctrl, zaki yi ta danna kwafi yana ƙi. Ana juya su a BIOS ko a manhajar Lenovo Vantage, minti ɗaya ne. Kamara ma ki duba, 1080p ta fi 720p in kina yawan mitin, kuma mai ɗan murfin da ake ja a rufe ta fi kwanciyar hankali.

Mai_Lissafi:

Kai amma nagode sosai, Allah ya saka da alheri. Malam Mai_Gyara na duba Task Manager ɗin kamar yadda kace, Memory ne a sama sosai Disk kuma a 100, CPU ɗin ko rabi bai kai ba. Na kuma sa ya turo lambobin, ta HP i7-1355U ce, ta Lenovo i5-1335U. Sikirin duk biyun yace FHD ne IPS, na Lenovo ɗin ma 1920x1200. Anti maganar maɓallan lamba ta tsaya min a rai gaskiya don da su nake aiki. To yanzu tambayata, tunda duk zubi ɗaya ne kenan i7 ɗin ta fi ko? Kuma ba za a iya ƙara wa HP ɗin RAM daga baya ba in samu duka biyun?

Mai_Gyara:

Yawwa Malama, yanzu aka zo wajen. Waɗannan biyun duk zubi na 13 ne, a irinsu lambobi biyun farko ne ke nuna zubi, kuma kusan abu ɗaya ne aka sa wa suna biyu. Kowacce ƙwaya 10 gare ta, 2 manya masu ƙarfi 8 ƙanana masu tattalin wuta, ma'ajiyar cikinsu ma ɗaya 12MB. Bambancin shi ne i7 ɗin tana iya hawa har 5.0GHz ita kuma i5 ɗin 4.6GHz, sai ɓangaren hoto da ya ɗan fi a i7. Kuma wannan hawan na ɗan lokaci ne, a siririyar laftop da zafi ya taru dole ta sauko, daga nan fanka da yadda aka tsara fitar zafi ne ke yanke hukunci ba lambar da ke kan sitika ba. A Excel da Outlook in aka rufe miki sitikar wallahi bazaki iya cewa wacce ce wacce ba.

Akwai ma wani abu. In 8GB ɗin nan sanda ɗaya ce a rami ɗaya, kuma galibi haka suke zuwa, to RAM ɗin na tafiya ne a layi ɗaya maimakon biyu, kuma ɓangaren hoton Intel na wannan zubin sai da layi biyu yake aiki a matsayin Iris Xe, in ɗaya ne UHD yake komawa wanda bai kai shi ƙarfi ba. Wato ɗan fifikon da aka biya wa kuɗi a i7 ɗin ma ba za a same shi ba sai an ƙara sanda ta biyu.

Ƙari kuwa ana yi, tambayarki tana kan hanya. Yawancin ProBook masu inci 15.6 da na buɗe ramin RAM biyu gare su, a sa wata 8GB irin ta ciki shikenan ta zama 16 a layi biyu. Amma kar ki yarda da "daga baya". Daga baya a ofis ba ya zuwa, sai an rubuta takarda an jira sa hannu, ke kuma kina nan kina fama. In HP ɗin kike so saboda maɓallan lamba, ki ce a kawo ta da 16GB tun daga farko a rubuta a rasit, in kuɗin ya haura to a sauke furosesar zuwa i5 a sa bambancin a RAM. Ita ma Lenovo ɗin ki tambaya yadda 16 ɗin take, don wasu ThinkPad ana liƙe wani ɓangaren RAM ɗin a jikin madabod a bar rami ɗaya, wasu sirara ma duka a liƙe yake babu ƙari har abada. Lenovo suna da shafi mai suna PSREF, ki sa cikakken sunan samfurin zai nuna miki komai, HP kuma takardar QuickSpecs suke da ita.

Dattijon_Ofis:

'Yata, na karanta duk abin da aka faɗa kuma yaran nan sun yi ƙoƙari. Ni na daɗe ina kula da kwamfutocin ma'aikata, bari in ƙara abin da sai an shekara ake gane amfaninsa.

Wane Windows ne a kai, Home ko Pro? Masu kawo kaya sukan yi shiru a nan. Kwamfutar da ke ɗauke da albashin mutane da bayanan banki kuma ana fita da ita a jaka, Pro ya kamace ta, saboda cikakken BitLocker a nan yake, shi ne zai kulle duk abin da ke cikin SSD ta yadda ko an sace ta an zare SSD ɗin an sa a wata na'ura ba za a karanta komai ba. Kalmar sirrin shiga Windows kaɗai bata hana wannan. In an kunna shi kuma, lambar ceto mai alƙaluma 48 da zai bayar a buga ta a takarda a ba oga ya kulle, kar a bar ta a cikin kwamfutar da ta kulle. Na ga wanda aka canza wa madabod, injin ya tashi ya nemi lambar nan, babu wanda ya san inda take, aikin shekaru ya tafi. Kuma ya zama lasisin na asali ne wanda ya zo da injin, ba wanda aka yi wa dabara a shago ba.

Garanti ma ki sa a rubuta. Shekara nawa ne, kuma waye zai gyara, su zasu zo ofis ko ke zaki kai? Sannan ki ɗauki lambar jikin injin ki sa a shafin kamfanin ki gani da kanki, don wani lokaci kwamfuta sabuwa ce a kwali amma ta daɗe a sito garantin ya riga ya fara tafiya. A nan ne na saɓa da ɗana Dan_Gwanjo. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne ga mai sayen na kansa wanda ya iya duba BIOS da batir, amma ke in ta hannu ta mutu ranar da ake biyan albashi wa zaki kama?

Batir kuma kar ki saurari awannin da ake rubutawa a talla, ana auna su ne da haske a ƙasa ba Teams a kunne. Ki duba Wh, shi ne girman batirin na gaskiya, kuma samfuri ɗaya kan zo da batir iri biyu, ƙarami wajen 40 da wani abu, babba 50 da wani abu, mai sayarwa ba zai faɗa ba sai an tambaya. Tunda yawanci a tebur zata zauna a jone, ki sa iyakar caji a kashi 80, Lenovo a Vantage ake yi HP kuma a BIOS, batirin zai fi daɗewa kuma ba zai yi saurin kumbura ba.

Na ƙarshe ramuka. Ki tabbatar tana caji ta USB-C, caja mai 65W ta wadatar da irin waɗannan kuma ko ta ɓace samun wata ba wuya. HDMI don furojekta, ramin USB irin na da guda biyu aƙalla don firinta da filasha, da ramin wayar intanet in ofishinku na amfani da ita. Ni shawarata ma, ki ɗau inci 14 ɗin, abin da ya rage ki roƙi oga ya saya miki monita inci 24 da cikakken kibod a tebur. Mai lissafi da sikirin biyu ba ɗaya yake da mai ɗaya ba, takardar banki a nan Excel a can, kuma wuyanki zai huta da sunkuyo. Maganar maɓallan lamba ma ta mutu kenan.

Dan_Gwanjo:

Baba na sallama, maganar ranar albashi ta kashe bakina. Abu daya zan kara, in mai kawo kayan ya dawo yace ga wata sabuwar yayi mai Snapdragon batir kwana da wuni, a tsaya a bincika tukuna, wadannan ARM ne ba irin Intel da AMD ba, Office na tafiya akansu amma tsohuwar firinta ko tsohuwar manhajar lissafi zata iya kin hawa saboda direba. AMD kuma ba laifi Ryzen 5 na aiki sosai, sai dai a kula da lamba, 7530U kwaya 6 ce amma 7520U kwaya 4 ce tsohon gini kuma RAM dinta a like yake, lamba daya ce ta raba su.

Mai_Lissafi:

Baba nagode Allah ya ƙara girma, na tura wa oga maganarka yadda take. Ya haƙura da ta hannun, ThinkPad ɗin za a ɗauka, kuma ya yarda da kibod na tebur, monita dai yace sai wata mai zuwa. Mai kawo kayan yace Windows 11 Pro ne kuma garanti shekara 1, nace ya rubuta a rasit har da girman batirin. Malam Mai_Gyara saura abu ɗaya, 512GB ɗin zai ishe ni ko in ce a ƙara tun yanzu?

Mai_Gyara:

Zai ishe ki har ya yi yawa Malama, fayil ɗin Excel da Word basu da nauyi, abin da ke cika wuri bidiyo ne da hotuna, sai Outlook in imel ya taru shekara da shekaru. Kuma SSD ɗin irin M.2 ne ana zare shi a sa babba duk ranar da ake so, ba kamar RAM da ake liƙewa ba. Kuɗin ƙarin gara a sayi hadis na waje a riƙa kwafe fayilolin lissafin duk ƙarshen mako, ko a kunna OneDrive in ofis na da Microsoft 365, don SSD in zai mutu ba ya ƙara ba ya gargaɗi irin na tsohon hadis. In ta iso kafin ki sa hannu a takardar karɓa ki shiga Settings, System, About ki ga i5-1335U da 16GB da Pro ɗin da idonki, ki kuma gwada lambar jikinta a shafin garanti.